Hatsarin Jirgin Medusa: Zane a Matsayin Shaidar Tarihi

Kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto, masu zane ne ke nuna wa jama'a yadda hatsarin teku ya auku. Abin tambaya ga ɗalibin tarihi shi ne, yaya zai karɓi irin wannan shaida?

A shekarar 1816 Faransa ta aika da jirgin yaƙi mai suna Medusa zuwa Sanlui ta Senegal domin karɓar garin daga hannun Ingilishi. Kyaftin ɗinsa, Chaumareys, ya fi shekara 20 rabonsa da aikin jirgi, biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Ranar 2 ga Yuli jirgin ya kafe a tudun yashin Argin, daura da gaɓar Muritaniya. Da yake kwale-kwalen ceto ba su isa ba, sai aka ɗora mutum wajen 147 a kan wani dandamalin katako, da alkawarin za a ja su zuwa gaɓa. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Bayan kwana 13 jirgin Argus ya tsinci mutum 15 da rai, yunwa ta riga ta sa sun ci naman matattu.

Theodore Gericault ya gana da biyu daga cikinsu, Correard da Savigny, ya kuma nazarci gawawwaki a asibiti, sa'an nan ya fito da zanensa a Paris a 1819. Duk da haka, ya ba mutanen ƙirar ƙarfafa, alhali ƙishirwa da yunwa sun ƙarar da su. A ƙololuwar zanen kuwa baƙar fata ne ke kaɗa ƙyalle yana neman ceto, a zamanin da ake muhawara kan cinikin bayi.

Ashe ke nan zanen ya fi amfani wajen sanin yadda Faransawa suka ɗauki al'amarin, amma sanin kamannin waɗanda suka tsira sai an koma ga rubutattun bayanai. Kotun soja ta ɗaure Chaumareys shekara 3 kacal. Zanen yana nan a gidan tarihi na Louvre, kuma ya kamata duk mai ikon naɗa ma'aikaci ya tuna yadda kyaftin ɗin ya sami aikinsa.