Dardumar Farisa: tarihin da ke rubuce a bayanta

Galibin dardumomin da alhazanmu ke kawowa tsaraba daga Makka, da waɗanda ake shimfiɗawa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da sunan "ta Farisa", inji ne ya saƙa su. Wannan ba aibi ba ne ga abin da za a yi salla a kansa. Amma magidancin da ya ƙudurta sayen saƙar hannu ta ainihi, zai zuba dukiya mai yawa, kuma tarihin sana'ar ne kaɗai zai tsare shi daga zamba.

Darduma mai ƙulli mafi tsufa da aka sani, Sarge Rudenko, masanin tonon tarihi na Tarayyar Sobiyat, ya tono ta a 1949 cikin wani kabari a Pazirik, a duwatsun Altayi na Sibiriya. Ƙanƙara ce ta adana ta fiye da shekara 2000. Amma ganiyar sana'ar ta zo ne a zamanin daular Safawiyya. Dardumar Ardabil, wadda ke ɗauke da sunan Maksud Kashani da shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, tsawonta ya haura mita 10, ƙullinta kuwa ya kusa miliyan 26. Asali tagwaye ne. Da za a sayar da ɗaya ga gidan tarihi na Biktoriya da Albat a Landan a 1893, an riga an yanko sassan ƴar'uwarta an gyara ta da su. Ragowar tana Los Anjalas. Ke nan ko mafi shahara a cikinsu ba ta tsira daga hannun dillalai ba.

Bayan faɗuwar Isfahan a hannun Afganawa a 1722, manyan masaƙun fada suka durƙushe, aikin ya saura a ƙauyuka da tantunan makiyaya. Abin da ya farfaɗo da shi a ƙarni na 19 shi ne buƙatar Turawa. Fataken Tabriz suka shiga ba da aiki, kamfanin Ziegler na Mancesta ya kafa masaƙu a Sultanabad a 1883, yana tsara zane daidai da ɗakunan Ingila.

A nan ne, a ganina, illoli biyu suka yaɗu, waɗanda har yau mai saye ke fama da su. Ta farko ita ce rinin kimiyya da aka gano a 1856. Kafin nan marina na aiki da baba, wanda mu ma muka sani a karofinmu, da saiwar wani tsiro mai ba da ja, da ɓawon rumman. Rinin farko na kimiyya yana zuba, yana kuma koɗewa a rana, har sarakunan Kajar suka hana shigo da shi, ko da yake hanin bai yi tasiri sosai ba. Ta biyu ita ce ƙullin "jufti": maimakon masaƙi ya ɗaura ulu a kan zaren tsaye biyu, sai ya ɗaura a kan huɗu. Aiki ya ragu da rabi, darduma kuma ta rasa ƙarko.

Saboda haka mai saye ya juya ta ya dubi baya. A saƙar hannu, zanen yana fitowa sarai a baya, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ba su cika daidaita ba. Gezar kuwa ci gaban zaren tsaye ce, ba ɗinka ta aka yi daga baya ba. Idan launin fili ya ɗan sauya daga wuri zuwa wuri, kada a ɗauka lahani ne: Farisawa na kiransa "abrash", alamar an rina ulun a tukunya daban-daban. A goga farin tsumma mai laima a kan jan. In ya kama launi, a bar ta. Yawan ƙulli kuma ba shi ne komai ba. Ni dai na fi son saƙar makiyayan Kashka'i na lardin Fars, mai kauri, ga gidan da ke da yara da ƙurar hunturu, a kan alharinin Kum da ba ya jure takawa. Hukumar UNESCO ta sanya saƙar Fars da ta Kashan cikin gadon al'adun duniya a 2010.

Sunan gari a bakin dillali ba shaida ba ne. Zanen Tabriz da na Kashan ana saƙa su da hannu a Indiya da Pakistan, kuma kasuwarsu ta ƙaru tun da Amurka ta sake hana shigo da dardumar Iran a 2018.