Saman banadiyam V(001)

V(001) shi ne sunan da masana kimiyyar fizis suke ba wa ɗaya daga cikin fuskokin kiristal na banadiyam, ƙarfe mai lamba 23 a jadawalin sinadarai. An daɗe ana muhawara a kan ko wannan fuska tana da maganaɗisu, duk da cewa cikin ƙarfen ba shi da maganaɗisu na dindindin.

Tsari

Atam ɗin banadiyam suna jeruwa ne a siffar akwati mai ɓangarori shida daidai wa daida, da atam ɗaya a kowace kusurwa da kuma ɗaya a tsakiya. Tsawon gefen akwatin ya kai kimanin nanomita 0.303. A cikin ƙarfen, kowane atam yana da maƙwabta na kusa guda 8, amma a fuskar (001) guda 4 kacal suka rage masa. Saboda haka shimfiɗar atam ta sama takan matso kusa da ta ƙarƙashinta. Gwajin da aka yi ta hanyar harba ilektron masu ƙaramin ƙarfi ya nuna tazarar ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100.

Tsabtace wannan fuska aiki ne mai wuya, domin banadiyam yana riƙe oksijin da kabon, kuma suna fitowa sama idan aka ɗumama shi. Akwai wani tsari mai suna (5×1) da wasu suka ɗauka na fuska mai tsabta ne, sai daga baya masu bincike a Biyana, ƙasar Ostiriya, suka nuna a 2001 cewa oksijin ne ke haddasa shi.

Batun maganaɗisu

Ƙarancin maƙwabta yana sa ilektron na rukunin d su ƙara takura a kan atam ɗinsu, wanda bisa ƙa'idar Stoner yana iya haifar da maganaɗisu. A 1986 Carl Rau da abokan aikinsa na Jami'ar Rice a Amurka sun ba da rahoton ganin maganaɗisu a wannan fuska har zuwa zafin kusan kelbin 540. Sai dai lissafin kwamfuta da aka yi daga baya bai zo da amsa ɗaya ba. Yawancin lissafin da ya yi la'akari da matsowar shimfiɗar sama ya nuna maganaɗisun ya ɓace ko ya yi rauni ƙwarai, domin matsowar tana mayar wa atam ɗin wani ɓangare na cuɗanyar da suka rasa.