Daga Takardar Haraji zuwa Dam ɗin Zobe

Dattawanmu na Kurfi da Dutsin-Ma da suka ga zamanin En'e ba sa tuna kaka da daɗi zalla. Ana gama yankan gero da cire gyaɗa, mai unguwa zai fara zagaye. Dagaci na jiransa, hakimi na jiran dagaci, baitulmalin Katsina na jiran kowa. Haraji a kan kowane baligi, jangali a kan kowace saniya. Wanda ya kasa biya, ɗan doka ne zai yi masa sallama, kuma alƙalin da zai yi shari'ar da gidan yarin da za a kai shi duk na En'e ne. Magidanta da yawa sun sayar da hatsin da za su ci da damina don su karɓi takardar shaida.

Wannan ƙuncin ne ya sa maganar jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta samu kunnuwa har a ƙauyukan ƙasar Katsina. Abin da Malam Aminu Kano da abokansa suka koya wa talaka shi ne yana da ikon ya tambayi inda kuɗinsa ke zuwa. A lokacin wannan tambaya rashin kunya ce, mutane sun sha ɗauri a kanta.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba hakimai da ragamar mulki, Dutsin-Ma ta zama ƙaramar hukuma. A 1979 aka yi zaɓe, kuma ɗan Kurfi ne, Alhaji Ahmadu Kurfi, sakataren hukumar zaɓen ta FEDECO. Muna cikin jihar Kaduna a lokacin. Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, ya soke haraji da jangali, majalisar da NPN ta mamaye kuma ta tsige shi a watan Yunin 1981.

Soke harajin daidai ne, ba zan taɓa cewa a dawo da shi ba. Amma akwai abin da ya biyo baya da ya dame ni. Da gwamnati ta daina zura hannu a aljihun manomi ta koma kan kuɗin man fetur, sai ta daina jin wajibi ne ta yi masa bayani, shi ma ya fara kallon aikin gwamnati kamar kyauta.

Dam ɗin Zobe ya isa shaida. An kammala shi a 1983, zamanin Shagari, a kan kogin Karaduwa, don noman rani na dubban hekta da kuma ruwan sha. Ruwa ya taru, ya kwanta. Aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, soja suka zo suka tafi, farar hula suka karɓa, ana ba da kwangila ana watsarwa, yayin da magidanci a Dutsin-Ma ke ƙirga kuɗin mai garuwa kowace safiya. Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, ya fita daga matsalar. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gina dam ɗin. An yi biki, an yi godiya. Ni kam na so a ce an haɗa godiyar da tambayar wa ya karɓi kuɗin shekarun da suka wuce, kuma me ya yi da su.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Abin da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga Abuja duk wata ana wallafa shi. Saura ɗaya gefen: shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma su riƙa liƙa lissafin abin da suka kashe a ƙofar sakatariya, da Hausa, da sunan kowane ɗan kwangila da unguwar da aka ce an yi aikin.