Albie Sachs: Alƙalin Da Bom Ya Cire Wa Hannu Bai Nemi Fansa Ba

Wani daga cikin masu sharhi a wannan shafi ya dage a kan cewa duk wanda ya taso cikin gwagwarmaya, aka ɗaure shi, aka azabtar da shi, bai cancanci kujerar alƙalanci ba, domin a ra'ayinsa zuciyar da ta ɗanɗani zalunci ba ta iya riƙe mizani daidai. Wannan da'awa ce da ba ta da hujja, kuma tarihin Albie Sachs na Afirka ta Kudu kaɗai ya isa ya rushe ta.

An haifi wannan bawan Allah a Johannesburg a shekarar 1935, iyayensa Yahudawa ne da asalinsu ya fito daga Lituwaniya, mahaifinsa kuwa, Solly Sachs, jagoran ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ne. Yana ɗan shekara 17, yana karatun shari'a a Jami'ar Cape Town, ya shiga gangamin bijire wa dokokin wariyar launin fata na 1952. A 1955 kuma ya halarci taron Kliptown inda aka amince da Kundin 'Yanci. Da ya fara aikin lauya yana da shekara 21, galibin waɗanda yake karewa baƙaƙe ne da ake tuhuma a ƙarƙashin dokokin tsaro, har hukuma ta gaji da shi ta kama shi a 1963, ta kulle shi shi kaɗai kwana 168 ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ranar da aka sallame shi bai nufi gida ba, sai ya sheƙa da gudu har bakin teku, ya faɗa ruwa da tufafinsa. A 1966, bayan an sake tsare shi an hana shi barci, ya yi hijira zuwa Ingila, daga can kuma ya koma Mozambik a 1977 yana koyar da shari'a.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a rayuwarsa duka ya faru ne tun kafin harin bom ɗin da aka kai masa, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. A farkon shekarun 1980, gwamnatin Pretoria ta cusa 'yan leƙen asiri cikin ƙungiyar ANC mai yaƙi da wariyar launin fata, wadda ke gudun hijira, jami'an tsaron ƙungiyar kuwa, saboda tsananin fargaba, suka shiga azabtar da waɗanda suke zargi a sansanoninsu na Angola, musamman wanda ake kira Quatro. Sai shugaban ƙungiyar, Oliver Tambo, ya kira Sachs zuwa Lusaka, ya ɗora masa nauyin tsara ƙa'idojin da za su haramta azaba, su bai wa wanda ake tuhuma damar kare kansa, ko da kuwa an tabbata maci amana ne. A yi tunani a kan nauyin wannan al'amari: ƙungiya ce da ba ta da ƙasa, ba ta da kotu, ana kashe 'ya'yanta da wasiƙun bom kamar yadda aka yi wa Ruth First a Maputo a 1982, amma duk da haka ta zauna a Kabwe ta Zambiya a 1985 tana muhawara a kan ko ya halatta a matsa wa abokin gaba a halin larura, wakilai kuma, har da matasan mayaƙa, suka ƙi buɗe wannan ƙofa. Gaskiya ne cewa cin zarafin bai gushe nan take ba, kwamitocin bincike na Skweyiya da Motsuenyane sun tabbatar da shi daga baya. Sai dai an riga an rubuta haramcin, aka sami abin da za a kafa hujja da shi a kan masu laifi.

  

Ranar 7 ga Afrilu 1988, a Maputo, Sachs ya nufi motarsa zai tafi bakin teku, yana taɓa ƙofa sai bom ɗin da jami'an asirin Afirka ta Kudu suka dasa ya tashi. Ya rasa hannunsa na dama, ido ɗaya kuma ya makance. Yana kwance a asibiti a Landan wani abokin gwagwarmaya ya aiko masa da alkawarin cewa za a rama masa, shi kuwa ya ga babu amfanin da yanke hannun wani zai yi wa ƙasarsa. Ramuwar da yake so ita ce a sami mulkin doka, har ma ya ce da za a gurfanar da wanda ake zargi a sallame shi don ƙarancin shaida, da wannan ya ishe shi. Shekaru bayan haka, wani tsohon jami'in soja da ke da hannu a shirya harin ya zo har ofishinsa a kotu, Sachs bai ba shi hannu ba a ranar, ya dai umarce shi ya je ya faɗi gaskiya gaban Hukumar Gaskiya da Sulhu. Sai bayan ya aikata haka suka yi musafaha.

Sauran kuwa kun san shi. Ya dawo gida a 1990, ya shiga masu tsara kundin tsarin mulki, a 1994 Mandela ya naɗa shi cikin alƙalai 11 na Kotun Tsarin Mulki. Yana cikin waɗanda suka soke hukuncin kisa a 1995, alhali masu neman ransa suna raye. Shi ya rubuta hukuncin 1999 da ya tabbatar wa fursunoni jefa ƙuri'a, da na 2004 a shari'ar Daniels da Campbell, wanda ya bai wa matar da aka aura bisa shari'ar Musulunci haƙƙin gadon mijinta da ya rasu bai bar wasiyya ba. Hukuncinsa na 2005 a kan auren jinsi ya jawo masa suka daga malaman addinai. Ya ajiye aiki a 2009. Mai son ya soki hukunce-hukuncensa yana da fili, amma sai ya kawo mana guda ɗaya tak da aka gina a kan ƙullatar wani.