Kayan Matafiyi a Iyakar Jibiya

Jibiya, a yammacin birnin Katsina, ita ce babbar mashigar masu zuwa daga Maraɗi ta Ɗan Isa, kuma a Magama, bakin iyakar, jami'an Hukumar Kwastam ke duba kaya. Doka ta raba kayan amfanin kai da na fatauci: tufafi da guzurin matafiyi ba a karɓar musu fito, kayan sayarwa kuwa sai an biya. A Satumban 2025 hukumar ta yafe fito a kan kayan da ba su wuce dala 300 ba. Mai ɗauke da kuɗin da suka haura dala 10,000 dole ya bayyana su. Shinkafar waje an hana shigo da ita ta ƙasa tun 2016.

Wannan rabewa ta kayan amfanin kai da na fatauci daidai ce, domin fito haƙƙi ne a kan fatauci, ba a kan zumunci ba. Wasu na cewa Katsinawa da Maraɗawa dangin juna ne, iyaka ba ta da hurumi a tsakaninsu. Zumuncin gaskiya ne, amma rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ya nuna inda cutarwar take: ta fi yawa a toshe hanya gaba ɗaya fiye da bayyananniyar ƙa'ida da kowa ya san adadinta.