Idon Baƙo a Filin Sa: Daga Madrid zuwa Hawan Ƙaho

Baƙon da ya shiga filin wasan sa na Las Ventas a Madrid ta Sifaniya, wanda aka buɗe a 1931 kuma yake cin mutum sama da 23,000, da wuya ya fito bai yanke hukunci ba. Wani ya ce dabbanci ya gani, wani ya ce gwaninta. Da'awata a nan ita ce, wannan hukunci ya fi fallasa inda baƙon ya taso a kan ya bayyana wasan, kuma mu da muke da hawan ƙaho muna da abin cewa wanda Bature ba shi da shi.

Tsarin wasan sananne ne. Bijimai shida ake kashewa a yammaci guda, gwanaye uku, kowa da biyu. Mahaya dawakai ne ke fara sukar sa da mashi a doron wuya don kansa ya sunkuya, sai masu ƙafa su kafa masa tsinkaye masu ƙugiya, sannan gwanin ya fito da jan ƙyalle da takobi, ya yi ta wasa da shi har ya soke shi tsakanin kafaɗu. Alfadarai su ja gawar waje.

Ernest Hemingway, marubucin Amurka, ya fara kallon wasan a 1923. A littafinsa Death in the Afternoon na 1932 ya faɗa cewa ya je ne da zaton abin da ake yi wa dawakai zai tayar masa da hankali, sai ya tarar bai dame shi ba. Masu karatu sukan ɗauki wannan a matsayin shaida ga wasan. Ni ban ɗauka ba. Mutumin da ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya a Italiya, ya kuma ce mutuwa yake nema ya kalla don ya koyi rubuta ta, abin da ya je nema ya samu.

To mu sauya baƙo. A ce dillalin shanu ne daga Kongolam, garin kan iyaka a ƙaramar hukumar Mai'adua ta masarautar Daura, inda shanu ke shigowa daga Nijar zuwa kara. Jini ba zai razana shi ba, ya saba da mayanka. Abin da zai tsaya masa a rai daban ne: sa lafiyayye mai shekara huɗu ko biyar, an kashe shi ba yanka, ba bisimilla, ya zama mushe, kuma an ja masa rai kusan minti ashirin jama'a na tafi. Cewa ana sayar da naman bayan wasa ba zai rage masa komai ba. Shi ba ya musun a kashe sa. Musunsa yana kan yadda aka kashe shi da abin da aka kashe shi dominsa.

A nan hawan ƙaho ya shigo. Wasan mahauta ne, kamar yadda dambe ma asalinsa nasu ne, ana yin sa lokacin salla ko wani babban buki na Sarkin Fawa. Akan zaɓo sa mai faɗa, a ɗaure shi da igiya a wuya da ƙafar baya, samari na riƙe. Masu kalangu na zuga, ɗan wasa ya fito da layunsa da kirarinsa, hannu wofi. In sa ya kawo suka, sai ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, sa ya yi ta wujijjiga shi. Abin kallo a nan jikin mutum ne, shi ne a bakin halaka. Yanka kuwa daga baya yake zuwa, da wuƙa mai kaifi da sunan Allah, kuma ba shi aka taru a gani ba. A Sifaniya mutuwar sa ita ce ƙololuwar wasa. A wurinmu an raba wasa da mutuwa.

Sai dai wannan bambanci bai wanke mu sarai ba. San da aka ɗaure ana tsokanarsa da ihu da ganga har ya haukace ba hutawa yake ba, kuma igiyar da ke ƙafarsa tana rage wa jarumtar daraja, ko da mahauta ba za su so jin haka ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1987 ta haramta wasan sa irin na Sifaniya saboda azabtar da dabba, a zama guda kuma ta haramta damben zamani. Duk mai son ya jingina da fatawar don la'antar Madrid, ya san cewa dalilinta bai tsaya a bakin teku ba. Su ma can Turai ba bakinsu ɗaya ba: Fafaroma Pius na Biyar ya hana wasan tun 1567, majalisar yankin Kataloniya ta hana shi a 2010, kotun tsarin mulkin Sifaniya ta soke hanin a 2016.

Abin da ya fi nuna raunin idon ɗan kallo shi ne batun dawakai. Kafin 1928 ba a yi musu lifidi, sa yakan farke cikin doki a gaban jama'a, kuma wannan ne ya fi tayar wa baƙi hankali. Gwamnatin Sifaniya ta Primo de Rivera ta wajabta lifidin, mutuwar dawakai a fili ta ragu ƙwarai. Amma da doki ya zama katanga, sai mahayi ya sami damar danna mashi ya daɗe, wahalar ta koma kan sa. Hemingway kansa bai yi na'am da lifidin ba. Gyaran ya bi abin da ido ke ƙyama, bai bi inda azaba ta fi yawa ba. Yanzu da kowane hawan ƙaho ke iya shiga wayar wani ya kai ƙasar da ba a san Sarkin Fawa ba, irin wannan gyara ne za a fara nema daga mahauta: a ɓoye abin da baƙo ba ya son gani, igiya da tsokana kuwa su ci gaba a bayan fage.