Baki Shi Ke Yanka Wuya: Labarin Garin Wilmintan

Ya ku 'yan makaranta, a darasin tarihi mukan ji labarin yaƙin takobi da na bindiga. Yau za mu ba ku labarin wani yaƙi da aka soma da baki.

A ƙasar Amurka, cikin jihar Karolina ta Arewa, akwai wani gari a bakin kogi, ana ce da shi Wilmintan. A shekarar 1898 shi ne mafi girma a jihar, baƙaƙen fata kuwa sun fi farare yawa a cikinsa. Bauta ta ƙare tun 1865. 'Ya'yan bayin nan sun yi ilmi, akwai likitoci da lauyoyi, har da 'yan majalisar gari. Wani daga cikinsu, Alexander Manly, yana da jarida tasa mai fitowa kullum.

To, tun 1894 talakawan manoma farare suka haɗa ƙuri'a da baƙaƙe, suka ka da jam'iyyar Dimokurat. Da manyan jam'iyyar suka ga mulki ya kuɓuce musu, sai suka bar zancen haraji da kuɗin amfanin gona, suka koma kan tsofaffin maganganun zamanin bauta. Suka riƙa cewa wai baƙin mutum jahili ne, bai iya riƙon gari ba, wai kuma matan farare ba su da aminci in yana kusa. Jaridar Josephus Daniels ta zana mulkin baƙaƙe kamar dodo mai fikafikan jemage, yana kai wa mutane cafka. Wanda bai iya karatu ba ma ya ga hoto ya tsorata.

Manly ya mai da martani cikin jaridarsa a watan Agusta, suka ɗauki maganarsa suka yi ta yayatawa don hura wuta. Ranar 8 ga Nuwamba aka yi zaɓen jiha, da barazanar bindiga da maguɗi suka ci. Amma wa'adin hukumar garin bai cika ba. Saboda haka ranar 10 ga wata Alfred Waddell ya ja taron masu makamai, suka ƙone gidan jaridar Manly, shi kuwa ya riga ya tsere. Suka kashe baƙaƙe da dama, wasu suka gudu cikin fadamu. Kafin dare suka tilasta wa magajin gari da majalisarsa su sauka, Waddell ya hau. Ba wanda aka hukunta.

A 1900 aka kafa dokar jarrabawar karatu ga mai jefa ƙuri'a, aka yi mata ƙofar da farare za su bi su wuce. George White, baƙin wakilin jihar a majalisar ƙasa, ya sauka a 1901, ba a sake samun wani baƙi daga jihar ba sai 1992.

Mukan ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma kun ga kafin furen nan ya kaɗe an yi shekara casa'in. Don haka in kun girma, kuka ji mai neman mulki ya bar zancen aikin da zai yi, ya kama aibata wata al'umma, ku tambaye shi hujja tun wuri. Allah ya kiyashe mu da sharrin harshe, amin.